Jak Mai Tan Uku a Hanyar Bilbis

Mun tashi daga Bungudu da asuba, ana fitowa daga masallaci, ni da direban kitikar Alhajinmu, wato ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya. Direban nan mijin yayata ne. Ni kuwa malamin sikeli ne a rumfar gyaɗar Alhaji, kuma da yake damina yanzu take ƙarewa, gyaɗa ba ta fara shigowa ba, sai ya ce in bi mota zuwa Gusau in karɓo injin niƙa da ya iso a jirgin ƙasa, mu kai wa wani amininsa a Bilbis, can gaba da Tsafe. Dalilin da ya sa ya zaɓe ni shi ne ina iya karanta takardar tasha. Ya kuma ba ni kuɗi ya ce in sayi jak, domin na motar ya ɓace tun watan jiya, ba a san hannun da ya bi ba.

Kafin mu hau, yayata ta leƙo daga zaure da ƙunshin hoce, ta miƙo mini, ba ta miƙa wa mijinta ba. Ta ce, "Kai ne matsoraci, don haka kai na ba amana. Ka maido mani shi yadda na ba ka shi." Mijin ya yi dariya ya ce shi ba buhun gyaɗa ba ne, balle a auna shi a tafiya a sake aunawa a dawowa. Ni ban yi dariya ba. Bara waccan, a filin gyaɗa na Gusau, a gabana wata babbar mota ta zame daga kan jak ta danne hannun wani mutum da ke gyaran ƙafarta. Har yanzu nakan gan shi a tashar mota da hannun riga ɗaya a naɗe. Tun daga ranar, in na ga mota a ɗage, sai in ja da baya.

Hanyar Bungudu zuwa Gusau ba ta ba mu wahala ba, sai dai gargada, wadda ke sa haƙoran mutum su riƙa gaisawa da juna. An yanke gero a wurare da yawa, dawa kuwa ta yi tsawo har ba a hangen ƙauyuka sai hayaƙinsu. Mun wuce Fulani mata da ƙoren nono a ka, suna jin ƙarar mota suka faɗa cikin ciyawa kamar an koro su. Duk tsawon hanya wani abu yana ƙwanƙwasa a ƙarƙashin kujerata. Na sunkuya na jawo shi, sai na ga ɗan ƙaramin jak ne mai murɗawa, siriri, bai fi damtsena kauri ba. Direba ya ce wani makaniki ya ba shi, daga ƙaramar motar wani Bature ya fito, kuma makon jiya ya ɗaga kitikar da shi lafiya lau. Na tambaye shi ko akwai kaya a cikinta a lokacin. Ya ce babu. Na goge jikin jak ɗin da bakin rigata, na sami lamba da haruffan awo irin na sikelinmu. Na yi lissafi a zuci. Abin da zai iya ɗauka bai cika buhu goma ba.

Mun shiga Gusau da hantsi. Duk lokacin da na zo sai na ga garin ya ƙaru: ga kantunan Turawa da na Kwarori, Larabawan nan 'yan kasuwa, ga amalanke, ga kekuna suna ta ƙararrawa ko babu kowa a gabansu. A tashar jirgi akawu ya sa na zauna a benci har na ƙirga katakon rufin sau biyu kafin ya dubi takardata. Da aka nuna mana kayan, sai na ga akwatin katako ya kai ƙirjina, ga wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe a ɗaure a gefensa, ga durom ɗin mai. 'Yan dako goma sha biyu ne suka taru, da katakai da bututun ƙarfe, suna mirginawa suna waƙa suna zagin juna, suka fi awa guda kafin abin ya hau. Bai kuma matsa gaba ba, saboda ƙafar ƙarfen ta tokare bayan kan mota. Ya zauna a can baya, ya fi karkata hagu. Kitikar ta durƙusa kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. A nan na gane abin da ya dame ni sauran tafiyar. In taya ta yi faci a daji, mu biyu ba mu iya sauke wannan kaya. Dole a ɗaga motar da shi a kanta.

Muna cin waina a bakin tasha, uku kwabo har da miya, na fito da fensir na yi lissafi a bayan takardar. A wurinmu buhu goma sha uku na ɓararriyar gyaɗa shi ne tan ɗaya, ni kuwa kowane nauyi sai na mai da shi buhu kafin kaina ya ɗauka. Motar ita kaɗai kamar buhu ashirin ce. Injin da akwatinsa goma sha biyar, bisa ga takarda. Durom biyu da ɗoriya. Talatin da bakwai ke nan. Direba ya leƙo ya ce ai magana ta ƙare, ƙafa huɗu ke ga mota, a raba huɗu kowace ta sami tara da 'yan kai, ƙaramin jak kuwa ni na faɗa da bakina ya kusa goma. Ya ce mu sayi tsire da kuɗin, in Alhaji ya tambaya mu ce jak ɗin yana cikinmu.

Na rasa yadda zan yi masa bayani, sai na tuna ɗaukar jinka, rufin ɗaki na ciyawa. Na ce masa in mutum huɗu suka ɗauki jinka, ba daidai take zama a kansu ba. Wanda ya fi tsawo shi ke shan wuya, haka wanda ta karkata wajensa. Jak kuwa, da ya fara ɗagawa ya zama dogon cikinsu. Ga shi kayanmu duk a baya suke, kuma a hagu. Ƙafar nan ɗaya tana iya ɗaukar buhu goma sha uku ko fiye. Ya tsoma wainarsa a miya ya ce, "Malam Sikeli, kai ko ruwa za ka sha sai ka auna shi." Amma ya tayar da mota muka nufi Sabon Gari.

A Sabon Gari babu yaren da ba ka ji. Akwai teloli a bakin hanya, da masu gyaran agogo, da mata masu soya ƙosai da wani irin barkono da ke sa atishawa tun daga nesa. Aka nuna mana shagon wani dattijo Bayarabe mai kayan mota, wanda ya daɗe a Gusau har Hausarsa ta fi ta wasunmu karin magana. Ya fito mana da jak uku. Na farko ɗan'uwan namu ne, ban ko taɓa shi ba. Na biyu ja ne, sabon fenti, yana ta ƙyalli, direba yana ganinsa ya ce wannan ne. Na juya shi sama da ƙasa, na kankare fentin da farce, ban ga lamba ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, wannan nawa yake ɗauka?" Ya ce, "Ɗana, wanda ya sayar mini bai faɗa ba, ni kuma ba zan yi maka ƙarya ba." Na ajiye. A aikinmu, dutsen awon da babu hatimi a jikinsa ba ya hawa sikeli komai kyansa, ban ga dalilin da zai sa in yarda da jak marar lamba ba.

Na ukun gajere ne a ido amma mai kauri, baƙi, irin mai man nan da ake bugawa da sanda, da nauyi kamar ɗan turmi. A gindinsa an zuba lambar a cikin ƙarfen kansa, ba fenti ba: tan uku. Buhu talatin da tara ke nan, ya fi motar da kayanta gaba ɗaya. Duk da haka ban biya ba sai da na roƙi Baba mu gwada. Muka sa shi a ƙarƙashin gatarin baya, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya biyu, ya shiga daidai. Direba ya buga sanda, ƙafar hagu ta rabu da ƙasa da injin da komai. Na yi wa ƙarfen jak ɗin da ke tashi sama alama da fensir, muka zauna aka kawo mana ruwa muka sha, muka yi hira kan tsadar taya, sannan na koma na duba. Alamar tana inda na bar ta, bai sauka ko kaurin farce ba. Na sake dubawa. Baba ya ce in na duba na uku zai ƙara kuɗi. Muka daidaita a kan fam biyu da sule biyar, ya yi mana gyara da wani guntun katako mai kauri na sawa a ƙarƙashi.

Mun yi azahar a Gusau muka kama hanyar Tsafe. Zuciyata fara ƙal, har na ci hoce biyu. Motar tana tafiya a hankali, in ta zo hawa sai ta yi ta nishi, direba yana lallashinta da sunaye kamar amarya. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, gefen hanya da danshi, leburorin hanya suna cike ramuka da jar ƙasa a kwanduna. Can sai dutsen Kwatarkwashi ya bayyana. Na sha ganinsa, amma kullum sai ya ba ni mamaki, yadda yake tashi daga cikin gonaki baƙi ƙirin, tsuntsaye suna shawagi a samansa, garin kuma a gindinsa kamar an zubar da 'yan tukwane. Mata sun jera dafaffiyar gyaɗa sabuwar tono a bakin hanya, gwangwani guda a kan ɗari, wato rabin kwabo. Na saya na ɓare biyu na duba ƙwayar, ta cika sosai. Bana in Allah ya so za a yi awo.

Mun wuce garin da kamar mil biyu sai na ji fuuu daga baya, motar ta yi hagu kamar an ja ta da igiya. Direba ya riƙe ta da kyar ya tsayar a gefe. Muka fito. Ƙafar baya ta hagu ce, ita ɗin dai da na yi ta magana a kanta, ta kwanta shame-shame, wani tsohon ƙarfen kofaton doki ya shige ta. Gaskiya ban ji tsoro ba a lokacin, har wani ɗan alfahari na ji. Na sa duwatsu a gaba da bayan sauran ƙafafun, direba ya sassauta notuna, na jawo jak ɗina da katakonsa na tura ƙarƙashin gatari.

Bai shiga ba. Na cire katakon na sake turawa, bai shiga ba. Kansa ya fi gatarin tsawo da kamar yatsa huɗu. Na zauna a ƙasa ina kallonsa. A Gusau da muka gwada, tayar cike take da iska. Yanzu da ta sace, motar ta sauko. Na auna nauyi, na auna sauka, na kankare fenti, amma ban taɓa tunanin cewa ba a neman jak sai ranar da taya ba ta da iska ba. Wannan kuskurena ne, ba na kowa ba.

Direba bai yi mini gori ba, abin da ya yi ya fi gori tayar mini da hankali. Ya ɗauko ƙaramin jak ya ce abu mai sauƙi ne: zai ɗaga da shi yatsa huɗu kawai, sannan ya kwanta ya tura babban da hannu ya daidaita kansa a ƙarƙashin gatari. Na ce masa a lokacin da yake daidaitawa, hannunsa yana tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma abin da ke riƙe da motar shi ne ɗan siririn nan da bai cika buhu goma ba. Ya ce ƙiftawar ido ce. Na ce mutumin filin gyaɗa ma ƙiftawar ido ce. Bai saurare ni ba, ya kafa shi ya fara murɗawa. Motar ta fara tashi a hankali, jak ɗin yana wani kuka siriri kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Ban san lokacin da na jawo babban jak ɗin na zauna a kansa ba. Direba ya gama murɗawa ya kwanta a gefensa, ya miƙo hannu ya ce in ba shi.

Na ce, "Yaya, ba zan ba ka ba."

Ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Kai, ɗan boko, tashi. Shekara tara ina tuƙi. Ka san ranar da na fara ganinka ko wando ba ka da shi?"

Na ce, "Na sani. Ka doke ni in ka so, amma ba ka sa hannu can."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Wasa muke yi da shi tun ina yaro, amma ban taɓa ƙin umarninsa ba. Ya tashi zaune ransa a ɓace, ya buɗe baki zai yi magana, sai muka ji ƙas. Ƙaramin jak ya lanƙwashe a tsakiya, ya yi tsalle ya fito ya faɗa cikin ciyawa, motar ta dawo ƙasa da wani irin gib da na ji a cikin haƙarƙarina. Akwatin injin ya yi ƙara, igiyoyin suka riƙe. Da yake ba mu cire ƙafar ba, a kan tayarta ta sauka. Babu abin da ya fashe. Direba ya daɗe yana kallon wurin da hannunsa zai kasance. Sai ya dubi tafin hannun nasa, ya juya shi, ya ce innalillahi a hankali. Ni kuwa ina nan zaune a kan babban jak ɗin.

Ashe duk abin nan wani tsoho yana tsaye a bakin gonarsa da fartanya a kafaɗa yana kallonmu. Ya matso ya yi sallama, ya yi mana barka, ya tambayi mi ya hana babban shiga. Na nuna masa da yatsu huɗu. Ya duba motar, ya duba ƙasa, ya ce, "To ku da kunka yi karatu, in mota ba ta tashi sama, ƙasa ba ta iya yin ƙasa?" Ya tsuguna ta baya, ya zura fartanyarsa ƙarƙashin gatari ya fara tono. Na fara ce wa tsohon ya yi hankali, sai na tuna motar a kan ƙafafunta huɗu take, babu inda za ta faɗa. Ƙasar da laushi a sama, ya tona har ya kai inda ta yi tauri, ya daddaɓe gindin ramin da ƙotar fartanya. Muka sa katakon Baba na Sabon Gari, muka zaunar da jak a kai. Ya shiga har da sauran wuri.

Direba ya buga sanda daga nesa, hannunsa a waje. Motar ta tashi sumul, babu kuka babu rawa. Kafin a cire ƙafar na ce a dakata. Wurin ba a rasa duwatsu, na kwaso masu faɗi na jera su a ƙarƙashin ƙarfen jikin motar, ina turawa da sanda, har suka kusa taɓa shi, don ko jak ya gaza motar ta sami abin zama. Wannan karon babu wanda ya kira ni Malam Sikeli. Da aka zo sa safayar taya sai ta ƙi shiga, saboda ita cike take, tsohon ya ƙara sarar ƙasa kaɗan a ƙarƙashinta ta zauna. Aka ɗaure notuna, aka sauke, aka ƙara ɗaurewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da hannuna. Muka ba tsohon sauran hocen, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce a dai taimaka a mayar masa da ƙasar ramin kada jakin wani ya karye. Kafin mu tashi na karya karan dawa daidai tsayin da ke tsakanin gatari da ƙasa lokacin da tayar take kwance, na gwada shi da alamar da na yi a ƙotar fartanyar tsohon tun kafin ya fara tono, na sa a aljihu.

Mun isa Tsafe bayan la'asar. Ita ma tana da duwatsunta, amma ba su kai na Kwatarkwashi kwarjini ba, ko kuwa ni ne idona ya ƙoshi. Abin da muka fara nema shi ne mai faci, domin ban yarda mu shiga hanyar ƙauye babu safaya ba, direba kuma bai musa ba. Mai facin ya ciro ƙarfen kofaton ya ɗaga shi sama ya ce doki ya rama, tunda mota ta ƙwace masa hanya. Muna jira muka sha fura da nono a gindin wata tsamiya. Furar Tsafe da yaji take, kuma matar ba ta yi mana rowar nono ba. Na lura direba da hannu biyu ya riƙe ƙwaryar yana sha. Muka kwana a gidan wani abokin cinikin Alhaji, aka kawo tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, na ci na yi barcin da ban yi ba tun da aka ce za a yi tafiyar.

Da safe muka nufi Bilbis. Hanyar ƙarama ce, wani wuri dawa tana shafar motar ta gefe biyu, wani wuri sai na sauka na shiga gaba ina taka ƙasa da ƙafa in ji ko za ta ɗauke mu. Tun kafin mu shiga gari labari ya riga mu. Mai injin ya tara maza sun fi ashirin, da gungumen itace da katakai, makanikin da zai kafa shi kuma ya riga ya zuba siminti yana jira. Mata sun cika bayan danga suna leƙe. Wata tsohuwa ta ce ita dai ba ta cin garin da ke warin mai, wata daga bayanta ta ce to Inna ki ci gaba da durƙuso a kan dutsen niƙa, mu gwiwoyinmu sun gaji. Da akwatin ya taɓa ƙasa aka yi guɗa, kitikar ta miƙe kamar wadda aka sauke wa ciwo. Na sa mai injin ya dangwala hannu a takarda cewa kaya sun iso lafiya, aka cika mu da kaji biyu da damin gero sabon yanka.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, kuma haka nake son tafiya. Mun tsaya a gonar tsohon nan mu ba shi goron da muka sayo masa a Tsafe, ba mu same shi ba, muka bar wa wata ɗiyarsa da ke tsinkar kuɓewa. A Gusau direba da kansa ya ce mu biya Sabon Gari. Na nuna wa Baba karan dawar, na ce duk wanda ya zo sayen jak a gaya masa ya auna da taya a sace. Ya gwada karan da duk jak ɗin da ke shagonsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce in ya sami gajere mai lamba zai ajiye mana. Kafin nan direba ya sayi fartanya a kasuwa, ya sa ta a bayan kujera tare da katakon.

Abin da na koyo, ga duk wanda zai sayi jak, kada ya duba fenti kuma kada ya auna da motar da babu kaya. Ya nemi lambar da aka zuba a jikin ƙarfen, ya yi lissafi da lodin da ya saba ɗauka, ya tuna maganar jinka, ya sayi wanda ya fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba. Sannan ya yi abin da ni ban yi ba, ya sace iskar taya ya ga ko zai shiga. Komai kyansa kuma, kada hannu ya shiga ƙarƙashin mota sai an jera mata abin zama. Na kuma koyi cewa karatuna na elementare ya kai ni rabin hanya ne kawai, sauran rabin fartanya ce ta kai mu.

Mun shigo Bungudu ana kiran la'asar. Yayata tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi mijinta tun daga hula har takalmi, sannan ta dube ni. Na ce mata ga amanarta nan, ta duba, babu abin da ya ragu. Shi kuwa ya ajiye lanƙwasasshen jak ɗin a gabanta ya ce ta sami abin tokare ƙofar kicin. Ta tambayi yadda aka yi ya lanƙwashe. Ya ce labari ne mai tsawo, a fara ba shi ruwa. Jiya na wuce tashar mota na ji shi a cikin direbobi yana cewa shi fa jak in babu lamba ba ya ko kallonsa, yana kwatanta musu ɗaukar jinka da hannuwansa biyu. Na tsaya na ɗan kalli hannuwan, sannan na wuce rumfa na goge sikelina, domin gyaɗa ta kusa shigowa.